Malam Kailani, Mai Cire Filogi

Ƙarfe bakwai saura kwata ake jin ƙarar mashin ɗinsa a layin asibitinmu, ƙaramin asibitin mata da yara da ke can cikin Tudun Wada. Tsohon mashin ne, sai ya yi tari biyu kafin ya yi shiru. Malam Kailani zai kafe shi a gindin darbejiya, ya gaisa da mai gadi, ya wuce ƙofar ofishinsa ko kallonta bai yi ba. Ɗakin firij yake fara shiga, inda ake ajiye alluran rigakafin yara. Zai ɗora tafin hannu a jikin firijin kamar mai duba zazzaɓi, sannan ya ja kujera gaban wata 'yar kwamfuta da ke kan kanta, wadda ba ta fi sabulun wanki biyu girma ba, ya karanta abin da ta rubuta tun jiya: sanyin firijin, minti bayan minti. In lambobin sun yi masa sai ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya je ya buɗe ofis ya ɗora ruwan shayi. In ba su yi masa ba, ranar babu shayi.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a asibitin nan, goma sha ɗaya daga ciki yana wannan zagaye na safe. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya. An yi ɗan taro, an sha lemo, an ba shi shadda. Da aka ce ya yi jawabi, sai ya miƙe ya ce don Allah a riƙa share bayan firij, ya koma ya zauna.

Ni aka miƙa wa makullansa. Sunana Sumaiya, shekarata huɗu ina aiki a ƙarƙashinsa, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: mafi yawan shekarun nan ƙyashinsa nake ji. Har gobe ban ce ya gama fita daga raina ba. Na zo asibitin da takardar shaida daga wata cibiyar koyon kwamfuta a unguwar Kongo, shekara biyu ina karatun rubuta manhaja. Shi kuwa da tafireta ya fara, yana buga katin marasa lafiya. Rubutun manhaja a takardun da ɗalibai ke mantawa a shagon buga takardu ya koya, yana kwafa a littafi da biro, tun kafin ya mallaki kwamfuta. Amma ko linzamin kwamfuta ne ya maƙale a asibitin nan, magana ɗaya ake yi: a kira Malam. Ina zaune a ɗakin ake faɗa. Sista Charity, babbar nas ɗinmu mai kula da rigakafi, ita ma ba ta ɓoyewa. Sai ta ce, "Sumaiya, zauna kusa da kwamfutar kar ta gudu, bari Malam ya zo." A yi dariya, ni ma in yi, in koma gida da abin a raina.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba sa harkar bayani, don a gane abin da ya raba mu. Manhajar da mutum ya rubuta ba ta taɓa komai da kanta. In tana son ta rubuta a fayil, ko ta karanta ma'aunin sanyi, ko ta kaɗa ƙararrawa, dole ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Hanya biyu ake bi a yi wannan roƙon. Akwai kayan aikin da ke zuwa tare da yaren da kake rubutu da shi, mu ce laburaren gida. Yana nan duk inda yaren yake, ba ka saukewa daga ko'ina, amma ba shi da ado, kuma ba kowace na'ura yake iya yi wa magana ba. Akwai kuma laburaren waje, wanda wani ya rubuta ya ajiye a intanet don ya shiga tsakanin manhajarka da babbar. Malam tafinta yake kiran irin wannan. Tafinta yana rage wahala ƙwarai. Aikin sati biyu sai ya zama na wuni ɗaya.

Manhajar da Malam ya rubuta wa firijinmu duk da kayan gida ya yi ta. Baƙin allo, fararen lambobi, shi ke nan. Kowane minti ta karanta sanyi, ta rubuta layi ɗaya, ta tilasta wa kwamfutar ta sauke layin a faifai nan take. In sanyi ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ta kaɗa ƙararrawa mai gadi ya kira Sista. Ranar da na fara ganin ta na ce a raina, wannan ai tsoron sabon abu ne kawai. Na ma taɓa faɗa masa, cikin ladabi dai.

Ya ce, "Ni ba na ƙin baƙo, Malama Sumaiya. Amma ki gaya mini, wanda ya rubuta shi yana nan yana kula da shi? Ranar da ya lalace babu data, za ki iya buɗe cikinsa ki gyara? In kin iya, bismilla, kawo shi. Sai dai fa zan cire masa filogi."

Wannan cire filogi shi ne abin da aka san shi da shi. Asibitinmu na da sola. In aka ɗauke wutar gari sola ke karɓa, amma tsakanin ɗaukewa da karɓa akwai daƙiƙa biyu ko uku da komai ke mutuwa. Firij bai damu da wannan ba. 'Yar kwamfutar kuwa ba ta da batir, mutuwa take yi ta sake tashi. Saboda haka duk manhajar da za a ɗora mata, Malam sai ya bari tana tsakiyar aiki ya fizge wayar daga bango, ya mayar, ya naɗe hannu ya ga abin da za ta yi.

Sista Charity ta ba ni labarin wasu samari biyu da wata ƙungiya ta turo da sabuwar manhaja, tun kafin zuwana. Suka ɗora, suka nuna launuka, kowa ya yi tafi. Malam ya sunkuya kamar zai ɗauki wani abu a ƙasa, ya fizge filogin. Da ya mayar, manhajar ta ƙi tashi.

Ɗayan ya ce, "Haba Baba! Ai ba a yi wa kwamfuta haka."

Malam ya ce, "Wallahi ni ma ba na so, ɗana. Amma sau shida a rana ake yi mata haka a nan, kuma ba a neman izininta."

Sista ta ce sai da ta fita waje don kada su ga dariyarta. Ni da na ji labarin ban yi dariya ba. Samarin na tausaya wa.

To, ga abin da ya sa nake rubuta wannan.

Shekara uku da suka wuce, ina hutun haihuwar 'yata Ishatu, tsohon ma'aunin sanyin firijin ya mutu. Aka samo sabo, amma sabon ba ya jin kayan gida. Dole sai da tafinta. Kafin a gyara, Sista ce ke duba sanyi da hannu safe da yamma, ranar Asabar da Lahadi kuwa babu mai dubawa. Ga shi Malam zai tafi Kaduna ɗaurin auren 'yar ƙaninsa daga Alhamis zuwa Lahadi. Da labari ya zo mini, na ce yau ga ranata. Gidanmu layi biyu ne da asibitin. Na goya Ishatu, satinta tara lokacin, na je na ce a bar mini aikin. Ba wanda ya kira ni. So nake sau ɗaya dai a ce Sumaiya ce ta yi.

Na samo wani laburaren waje mai kyan gaske. Yana karanta sabon ma'aunin, yana rubuta fayil da kansa, yana kaɗa ƙararrawa, har zane yake turowa a waya, shuɗi da ja. Sista na gani ta ce, "Iye! Yau mun shigo birni." Wannan maganar ta yi mini daɗin da ba zan iya kwatantawa ba.

Malam ya leƙo ranar Laraba da yamma, hularsa a hannu.

"Maman Ishatu, wannan tafintan naki, karatun ma'auni kaɗai zai yi, ko har da rubutu?"

"Duka, Malam."

"Shi kaɗai ya zo?"

"Da wasu ƙananan laburare da yake dogara da su."

"Nawa?"

"Goma sha bakwai."

"Kai! Amarya ce, da 'yan rakiya haka?" Ya yi dariya, sannan ya ce, "Da ni ne, karatun kawai zan bar masa, tunda shi ke jin yaren ma'aunin. Rubutu da ƙararrawa mu riƙe a gida."

Na ce masa hakan maimaita aiki ne, abin da masana suka riga suka gama. Kalmar masanan nan da gangan na faɗe ta, kuma na san ya ji. Ya tambaye ni kawai, "Kin cire masa filogi?"

"Na cire, Malam. Sau biyar."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. A kwamfutata ta cinya na gwada, a gida, ina jijjiga yarinya da ƙafa. Na zare caja sau biyar, allon ko ƙiftawa bai yi ba, don kwamfutar cinya na da batir. A can ƙasan raina na san wannan ba shi ne gwajinsa ba. Sai dai na ɗauki gwajin nasa al'adar tsofaffi, abin da ake yi don a faranta musu. Ya dube ni kaɗan, ya ce, "To, madalla. Allah ya sa albarka." Ya tafi. Ranar Juma'a na ɗora manhajata, na sauke tasa.

Litinin ce ranar rigakafi. Na iso ƙarfe bakwai da Ishatu a baya, don ranar ce za a yi mata allurar cinya ta sati goma. Mata sun fara cika benci. Ina shiga Sista Charity ta yafito ni da hannu, fuskarta babu wasa.

"Zo ki ga."

Ta buɗe firijin. A bangon baya akwai ƙanƙara sirara, kwalin alluran kuma da damshi a gindinsa. Ita wannan allurar cinyar ba ta son daskarewa. In ta daskare ta narke ta tashi aiki, kuma ba lalle ido ya gane ba.

"Buɗe mini abin naki in ga me ya faru Asabar da Lahadi. Ta kai ga daskarewa ko ba ta kai ba?"

Na zauna gaban 'yar kwamfutar. Babu zane, babu lamba. Manhajar ba ta tashi ba tun safiyar Asabar. Na buɗe fayil ɗin, rabinsa shirme, rabi babu komai. Ƙararrawar ma ba ta kaɗa ba, don mai kaɗa ta ya mutu. Ishatu ta motsa a bayana, na ji ɗuminta.

Sista ta ce, "Sumaiya, magana nake."

"Babu komai a ciki, Sista."

Akwai gwajin girgiza kwalba da ake yi don gane ko allura ta daskare, amma sai an daskarar da wata kwalbar ta kwana a kwatanta su. Sista ta rufe firijin ta ce yau babu allura.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da Sista ta ce a yi allurar a haka, da na kwance goyona na rungume 'yata na fice, in bar 'ya'yan mutane a layi. Na riga na yanke wannan a zuciyata kafin ta buɗe baki. Kuma ni ce na jawo.

Mata ashirin da uku aka sallama ranar, har da ni. Ba su tafi shiru ba. Wata ta ce tun da sassafe ta baro gida ko koko ba ta sha ba. Wata ta ce dama maigidanta ba so yake ba, da ƙyar ya bari. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce, "Kun tara mu kamar masu jiran rabo, yanzu ku ce firij ba shi da lafiya? To ku kai shi asibiti mana!"

Malam ya iso a makare ranar, daga tasha kai tsaye, da jakarsa. Ya tarar da ni a ɗakin firij ina share hawaye da bakin mayafi, Sista na tsaye a kaina. Ya duba allon, ya duba ƙanƙarar. Sista ta buɗe baki za ta fara, sai ya riga ta.

"Sista, laifina ne. Na bar abu ya hau kwamfutar nan ban cire filogin da hannuna ba. Shekara takwas ban taɓa yin haka ba, sai wannan karon da nake saurin zuwa biki."

Sista ta ce, "Malam, kar ka raina mini hankali. Na san wanda ya ɗora."

"Ita ta ɗora, ni na ce madalla."

Mai karatu zai zaci na ji daɗi. Wallahi haushi na ji. Na ce a raina, mutumin nan, yabo nasa, amana tasa, yanzu kuskuren ma da na yi da hannuna sai ya ƙwace? Ko wannan ba za a bar mini ba? Sai daga baya na gane cewa ba rufa mini asiri kawai yake yi ba. Da gaske yake. A wajensa, in ka ce madalla a kan abin da ba ka gwada ba, ka sa hannu.

Washegari gwajin kwalba ya nuna alluran sun daskare. Abin daidaita sanyin firijin ne ya samu matsala. Da ƙararrawa ta kaɗa ranar Asabar, da an kwashe su an sa a akwatin sanyi. Aka ware su duka, aka nemi sababbi, aka kira mai gyara.

Ranar nan na zo da niyyar goge laburaren wajen gaba ɗaya, kada in sake ganin sunansa. Malam ya hana.

"In kin kore shi wa zai yi magana da ma'aunin? Na gida bai iya ba. Ko so kike ki yi wata uku kina rubuta abin da wani bawan Allah ya riga ya rubuta da kyau? Zauna mu karanta shi."

Muka buɗe cikin laburaren, abin da ban yi ba kafin in ɗora shi. Yana bi da yatsa layi layi, gilashinsa a kan hanci, har ya tsaya a wani wuri.

"Kin gani? Tara lambobin yake yi a ka, sai awa ta cika ya goge fayil ɗin ya sake rubuta shi gaba ɗaya. Wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu. Da ya farka ya tarar da fayil a yage, sai ya yi zuciya ya ƙi aiki. Ba mugu ba ne. Mutumin da ya rubuta shi, a garinsu ba a ɗauke wuta. Bai san da mu ba."

Sai ya ware ɓangaren da ke karanta ma'auni, shi kaɗai, ya ajiye kwafinsa a cikin kwamfutar da kuma a filashi, don kada wata rana a neme shi a intanet a rasa. Daga 'yan rakiya goma sha bakwai, biyu suka rage. Rubutu da ƙararrawa suka koma hannun laburaren gida, layi ɗaya kowane minti, a sauke a faifai nan take. Zanen waya kuwa, da na zaci zai yar, cewa ya yi in gyara shi ya riƙa karantawa daga fayil ɗin, a gefe, yadda ko ya faɗi ba zai ja kowa ba. "Sista na son shuɗi da jan nan," in ji shi, "kuma ni ban iya ba."

Da muka gama ya nuna mini bango. "Bismilla."

Sau arba'in na fizge filogin nan, Ishatu na barci a kan zane a gefe. Sau arba'in manhajar ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya. A na talatin na ce, "Malam, ai ya isa." Ya ce, "Hannunki ya gaji? Masu ɗauke wuta nasu ba ya gajiya."

Litinin ta gaba sababbin allurai sun iso. Aka yi wa Ishatu tata, ta tsala ihu, ni ma na yi hawaye ba tare da na san na mene ne ba. Mata goma sha tara muka dawo. Uku Sista ta kira su a waya suka zo sati na sama. Saura ɗaya. Sunanta Bilkisu, ɗanta Auwal, ɗan fari, satinsa shida, ko allurar cinya ta farko ba a yi masa ba. Lambar da ta bayar ba ta shiga. A katin an rubuta: Dutsen Abba, bayan masallaci.

Ni a lissafina an gama. Manhaja ta gyaru, firij ya gyaru, 'yata ta samu allurarta. Ashirin da biyu cikin ashirin da uku ai an yi ƙoƙari. Malam kuwa ya kwafi sunan a 'yar takarda ya sa a aljihu. Sista ta ce masa, "Wannan ba aikin mai kwamfuta ba ne." Ya ce, "Kwamfuta ce ta kore ta."

Kullum bayan la'asar sai ya hau mashin ya nufi Dutsen Abba. Masallatai nawa ne a can, kuma kowanne yana da baya? Ranar farko aka kai shi gidan wata Bilkisu mai jikoki. Sai a rana ta huɗu ya dace da gidan, a nan kuma aka ce ba ta nan. Ashe wankan jego ta zo yi gidan iyayenta, adireshinsu ta bayar. Ranar da muka sallame ta kwana biyu ke nan da yin arba'in, a satin ta koma ɗakinta a unguwar Kwangila. Babanta ya yi masa kwatancen shagon mijin, wani tela da ake kira Ɗantsoho.

Ɗantsoho da bakinsa ya ba mu labarin sauran, ranar da ya kawo Bilkisu da Auwal. Ya ce yana kan keke yana ɗinki wani dattijo ya yi sallama, ya ce daga asibiti yake.

"Na ce masa, ai ta je kun koro ta. Ya ce haka ne, mun yi kuskure, ya zo ba da haƙuri. Na ce, kai likita ne? Ya ce a'a, shi mai kula da kwamfuta ne. Na ce to kwamfutar ce za ta yi wa yaron allura? Sai ya yi dariya ya nemi wuri ya zauna. Wallahi har na gama wuyan riga biyu bai tashi ba. Ya yi mini bayanin ƙanƙara, ya ce da an yi wa ɗana waccan allurar da ruwa kawai aka zuba masa. Na ce a raina, mutanen da suka ƙi yi wa yaro allurar banza, suka kuma biyo ni har shago, ai ba za a ƙi su ba."

Sati uku cif bayan ranar da aka sallame su, aka yi wa Auwal allurarsa. Bilkisu ta durƙusa har ƙasa ta gaida Malam, tana ta sa masa albarka. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ba ta san ni ba, ba ta san ni ce sanadin wahalarta ba, shi kuma bai ko dubi inda nake ba, don kada ta bi idonsa. Na tsaya ina kallon matar nan tana yi masa addu'a, ina jin kunya, ina kuma jin da ma ni ce.

Malam Kailani, kai ne ka koya mini cewa zaɓi tsakanin kayan gida da na waje ba gasar tsoho da yaro ba ce. Na gida ka riƙe a inda in an faɗi babu mai ɗagawa, na waje ka buɗe wa ƙofa a inda na gida ya gaza, bayan ka karanta cikinsa ka san halinsa. Kai ne ba ka taɓa cewa ai na gaya miki ba, alhali ka gaya mini. Kai ne ka ɗauki yaro ɗaya a kan kati ka ƙi yarda ya zama ragowar lissafi. Dattijon ɗakin firij, yara nawa ne ke gudu a layukan Tudun Wada yau da lafiyarsu, iyayensu ba su taɓa jin sunanka ba?

Ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja, musamman mu da muka fito da takarda muna ɗoki: duk abin da za ku ɗora a kan kwamfutar da mutane suka dogara da ita, ku buɗe cikinsa ku karanta, ku gwada shi a irin wutarmu, a kan ainihin na'urar da zai zauna, ba a kan cinyarku ba. In ya lalace, ku bi waɗanda ya cutar har inda suke. A ƙarshen fayil ɗin da kuke rubutawa akwai cinyar jaririn wata.

Na gode, Malam, a madadin Ishatu da Auwal da sauran. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai albarka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ni kuma addu'ata ita ce Allah ya ba ni irin abin da ya ba ka, ba tare da ya rage maka komai ba. Na daɗe kafin na iya ƙara wannan rabin na ƙarshe.